Sabon Tsari da Littafin Malamin Turawa

Har gobe idan na tuna mutumin nan na Kano, raina ɓaci yake yi.

A ƙarshen shekarun casa'in ina da shagon buga takardu a Ƙaraye, kwamfuta ɗaya da janareto. Tsohon tsari ne a kanta, baƙin allo da farin rubutu, amma tana buga Larabci. Shi ya sa malamai har daga Rogo da Zoza suke kawo mini katin walimar sauka.

Akwai wani dattijon malami daga wani ƙauye da ake kira Turawa, wanda idonsa ya fara mutuwa. Duk ranar kasuwa yakan zo ya zauna a benci yana yi mini shiftar bayanin rabon gado, ina bugawa. A kansa abin yake, babu shi a takarda. Ya hana a fitar da ko shafi ɗaya, wai sai an gama an gyara. Mun ci rabin littafin.

Sai makarantu suka ce takardun jarrabawa sai da sabon tsari mai zane, in ba haka ba su kai aikinsu birni. Su ne cin abincina. Ƙanena ya ce in sayar da gyaɗa in sayi kwamfuta ta biyu, in ƙyale tsohuwar. Na auna, gyaɗa ba ta yi daraja ba tukuna, sauya tsarin kuwa da araha. Na kira mai gyara daga Kano, na tambaye shi batun Larabcin har sau nawa.

"Alhaji, ko wasali ba zai ɓata ba," in ji shi.

Ya ci tuwona da kaza, ya goge tsohon, ya ɗora sabon, ya hau mota. Da na buɗe littafin malam, sai ƙananan akwatuna jere reras, babu harafi ko ɗaya. Abin da ke karanta Larabcin ya tafi da tsohon tsarin, kuma ba a ba ni faifansa ba tun da na sayi kwamfutar. Na bi shi Kano. Yana shan lemo, ko tashi bai yi ba, ya ce ai mutanen ƙauye ba ma son ci gaba. Mutumin da ko buɗe littafin bai yi ba kafin ya goge. Na zage shi a gaban kwastomominsa, kuma ban janye ba har yau, ko da yake rowata ce ta kawo shi.

Ranar kasuwa malam ya zo, ya lalubi bencinsa, ya ce mu ɗora daga kason kaka. Na durƙusa na faɗa masa komai. Ya daɗe yana shafa gemu.

"To, ɗana, ina da sauran numfashin da zan faro daga bisimilla?"

Ya nemi sandarsa. Bai sake hawa motar Ƙaraye ba.