Bel ɗin Fatar Sa

Shekarar da soja suka ce kowa ya ɗaure ciki aka sallame mu daga masaƙa a Kaduna. Wasu sun koma gida da rediyo. Ni na dawo Makarfi da mataccen injin sassaƙar ƙarfe, irin wanda ke juya ƙarfe wuƙa na fere shi. Mutum takwas suka sauke shi a zaure. Matata ta zagaya shi, ta tambaya ko yana tuƙa tuwo.

Wata biyu ina wanke tsatsa da kananzir. Haƙora biyu na giyar injin sun karye, na cike su da walda, na goge da magagari. Wuta ba ta zama, sai na haɗa shi da kan tsohon injin niƙa. Saura bel ɗin da zai haɗa injinan biyu. Sau biyu ina zuwa Zariya, babu, kayan waje sun daina shigowa. Baduku ya yanka mini na fatar bijimin sa. Don ya yi laushi na shafe shi da man gyaɗa daga kwalbar matata. Ban tambaye ta ba.

Ana nan sai sandar ƙarfen da ke juya injin matse raken surukina ta karye, can ƙauyensu kan hanyar Hunkuyi. Ya riga ya sare rake, yana tule yana bushewa. In aka ƙara kwana uku, babu mazarƙwaila a shekarar. Dattijon nan tun da na auri 'yarsa gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ya aiko ta bakinta yana tambaya ko abin nan na zaure yana aiki. Na ce a ce masa gobe.

Da hantsi ya iso a keke da karyayyar sandar. Na durƙusa na gaishe shi, na yaye buhun da na rufe injin da shi. Babu bel. Beraye sun cinye, sun bar mini zaren ɗinki da kashinsu.

Matata ta leƙo daga bayan labule. "Baba, da man miyata fa ya yi musu kilishi."

Bai yi dariya ba. Ya dubi injin, ya dubi ƙasa.

"Dokin ma zaune yake," ya ce, ya hau kekensa.

Bayan azahar ya dawo da maɗaurin fata na dokin da ke jan injin matsa. Gumi ya gama jeme shi, ko kare ba zai lasa ba. Na ɗinke shi, na tayar. Injin ya yi tari, ya kama. Na fere masa sabuwar sanda daga ƙarfen ƙafar tsohuwar babbar mota, yana tsugune yana kallon ƙarfe na zuba kamar ɓawon rogo. Na ɗinka wa doki wani maɗaurin da buhu.

Bayan mako ɗaya kwando ya iso daga ƙauye, babu saƙon baki. Mazarƙwaila a ƙasa, kyanwa a sama.