Kwamfutar da Aka Turke

Ranar Talata ce, Malama Saratu tana zaune a shagon gyaran waya a bakin kasuwar Mafara, sai idonta ya tsaya kan wani dattijo. Dogo ne, sanda a kafaɗa, igiya naɗe a hannu. Ko ba a faɗa ba, daga cinikin shanu yake.

Ya gaida mai gyara har da tambayar ruwan madatsar Bakolori, sannan ya warware wani bargo da ya zo da shi. Cikin bargon zane ne, cikin zanen kwamfuta fes, ko ledarta ba a ɓare ba. Yana shafa bayanta kamar na bijimi.

"Tun bara na saye ta don ɗiyana su yi ilimi," in ji shi. "Har yau jarrabawarsu ba ta motsa ba. Duba mini, ko marar lafiya anka sayar mini."

Mai gyara ya kunna ta. "Lafiyarta lau, Alhaji. Wa ke aiki da ita?"

"Aiki? Bisa durowa na turke ta. Sabuwar dabba ai sai ta saba da gida."

Saratu ta kau da kai tana danne dariya. Tana hango yaran gidansa, shekara guda suna leƙen bargo.

"Sai yaran sun taɓa ta, Alhaji," in ji Saratu.

Dattijon ya miƙa yatsa mai kaushi, ya danna maɓalli, ya janye da sauri. Harafi ya fito. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ashe ba ta tunkuyi," in ji shi. "Yau sai a kwance ta."