Takardar Gwajin Ido

Ni ce mai amo a aji huɗu. In Malama ta nuna allo da tsinken dawa ta ce a karanta, muryata ce ke fara fita, sauran yara su bi. Abin da ba wanda ya sani shi ne ban taɓa ganin abin da ke kan allon nan da kyau ba. Farin alli nake hangowa a dame, kamar an watsa gari a tabarma. Kunnena ne ke yi min karatu. Malama tana rubutu tana faɗa, mu maimaita sau uku, kafin a kai na uku na riga na haddace. Haka ake koyar da komai a makarantarmu, daga lissafi har sunayen jihohi, kuma haka ya yi min daidai.

Makarantar tana bakin ƙauyenmu, gaba kaɗan da Ƙarfi, ajujuwa shida ne tsakanin gonar masara da gonar auduga. Da damina in masara ta yi tsayi, ko rufinta ba a hangowa daga hanya. Gwamnati ke biyan malamai, amma sauran ɗawainiya ta gari ce. Duk kaka kowane gida yakan kai tiya ɗaya ta masara ko dawa, a zuba a wani ɗan rumbu da ke bayan ofishin hedimasta. Rumbun makaranta muke ce masa. Daga cikinsa ake sayen alli da tsintsiya, da maganin ciwon kai da aidin ɗin wanke rauni na akwatin magani, in an samu rara a gyara abin da iska ta ɓata. Har yau in na ji ƙamshin sabuwar masara a buhu, ɗan rumbun nan nake tunawa.

Wata Laraba bayan kaka ma'aikatan lafiya biyu suka zo daga Malumfashi a kan babur. Suka duba mana farce da kai, suka ba mu maganin tsutsar ciki, sannan ɗaya ya manna wata farar takarda a jikin allo. Zane iri ɗaya ne a kanta, mai yatsu uku kamar cokalin 'yan birni, daga manya a sama zuwa ƙanana a ƙasa. Aikinka ka tsaya a bayan aji, ka rufe ido ɗaya, ka faɗi inda yatsun suka fuskanta. Ni kuwa ko babban na sama da ƙyar nake rarrabe shi. Amma mutumin kirki bai san da wa yake yi ba. Ya jera mu a layi cikin aji ɗaya, kowa na jin kowa. Kafin yaro na biyar ya gama, ajin ya mai da abin waƙa: dama, sama, hagu, ƙasa, sama. Da aka zo kaina na rufe ido na zuba masa ita tun daga sama har layin ƙarshe, wanda ko masu ido ba su kai ba. Ya ce, "Kai, yarinyar nan idon shaho gare ta!" Na koma mazaunina ina hura hanci.

Da za su tafi, Malama ta roƙi su bar mata takardar. Aka tashi, kowa ya fita, ta ce ni in tsaya. Ta cire takardar ta sake manna ta, ta ce in koma bayan aji.

"Sake karanta min, mai idon shaho."

Na sake rera waƙata tsaf.

"Zo nan," in ji ta.

Sai da hancina ya kusa taɓa allo na gane ta juya takardar ne, ƙananan suna sama, babban yana ƙasa. Kunya ta kama ni, sai ta rikiɗe ta zama fushi. Na ce mata ai ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba, me ya dame ta da idona? Da wata malamar ce, da ta shara min mari. Ita kuwa sai ta durƙusa daidai tsawona ta ce, "'Yar nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nan gaba za ki je inda malami zai rubuta ya yi shiru. Ranar me za ki haddace?" Kwana uku ina gaishe ta ciki-ciki.

Ita da kanta ta je wurin Babanmu. Na laɓe bayan danga ina ji. Baba ya ce bai ƙi ba, amma abin da ya noma bana da ƙyar zai kai mu damina, ga taki ya yi tsada. Ya ce ko a bari sai baɗi. Malama ta yi godiya ta tashi, ta wuce kai tsaye gidan hedimasta.

Ranar Juma'a bayan an sauko, kwamitin iyaye ya zauna ƙarƙashin ɗorawar makaranta. Abin da ya rage a rumbu an riga an yi masa wuri: iska ta yaye kwanon rufi uku a bayan ajinmu, an shirya sayen sababbi kafin ruwa ya sauko. Malama ta ce a sayar da hatsin a kai ni Funtua a yanka min gilashi. Mace ɗaya tsakiyar dattawa, mayafinta ja, ba ta ko zauna ba. Wani Alhaji mai sayen auduga ya ce, "Malama, kan yara hamsin za a bari a ruwa saboda idon yarinya ɗaya? A bari sai baɗi mana." Gaskiyarsa ce, na sani yanzu, ko da yake a lokacin na ƙi jininsa har na daina bi ta ƙofar gidansa. Malama ta ce, "Alhaji, ruwa in ya zuba zan matsar da yara gaba, ajina ne, na san inda yake yoyo. Baɗi kuwa yarinyar nan tana aji biyar, ba ni ce malamarta ba." Aka yi ta ja har la'asar. Wani tsoho da bai ce uffan ba tun farko ya ce shi dai tiyar da ya kawo, ya ba idon. Daga nan ɗaya bayan ɗaya suka bi.

Ranar kasuwa muka shiga mota ni da ita. Da mai gilashin ya ɗora min shi a hanci ya ce in duba, fuskar Malama na fara gani. Ashe tana da ɗan baƙin tabo ƙarƙashin idon hagu, ashe akwai wushirya a bakinta. Wata da watanni ina gabanta, muryarta da jan mayafinta kaɗai na sani. A hanyar dawowa na ƙi zama, ina leƙe ta taga ina ihu wai bishiya ganyenta ɗai-ɗai ne, har kwandasta ya tambaya ko lafiyata ƙalau.

Daminar nan ajinmu ya sha ruwa. Baba ya hau rufin ya toshe ramin da buhunan taki da kara, ba wanda ya sa shi, amma ruwan Yuli ba ya jin wannan. Da hadari ya haɗo sai Malama ta ce, "'Yan baya, ku taho!" Mu cunkushe a gaba, gwiwa na gugar gwiwa. Yara suka sa min suna Kwano Uku, na yi dambe da biyu a kan sunan nan, kafin kowane dambe sai na cire gilashina na ba wata ta riƙe min. Da kaka ta zagayo Baba ya kai tiya biyu, haka ya ci gaba da yi har ya rasu.

Na yi karatu, na yi aure, na zama malama a Funtua. Ita kuma ta yi ritaya ta koma gidan ɗanta a Malumfashi. Tafiyar ba ta da nisa ko kaɗan, amma sai in shekara ban je ba. Ba ni da wani uzuri, sakaci ne.

Zuwana na ƙarshe, da damina ne, na ga ta tsiyaya min ruwa rabi a kofi rabi a tabarma. Na ce, "Malama, idon nan fa?" Ta ce idonta garau, in ina musu in buɗe akwatinta in ɗauko takardar. Tana nan, ta yi ja, an lilliƙe ninkinta. Na manna ta a bango, na juya ta. Malama ta gyara zama ta rufe ido ɗaya da tafin hannu: dama, sama, hagu, ƙasa, sama, har ƙarshe ba gargada. Ta sauke hannunta.

"Kin juya ta ko?"

"Na juya, Malama."

Ta yi dariya har da tari, ta ce, "'Yar banza! Matso in gan ki." Ta shafa fuskata, ta taɓa gilashina, ta ce wannan ya fi na farko kyau. Na ce ta shirya gobe in kai ta a duba, yanar ido ce, ana cirewa. Ta ce a'a, ɗanta yana tsakiyar aikin gona, ba mai jinyarta, a bari sai bayan kaka. Ni ma makaranta na gab da dawowa daga hutu, ayyuka sun yi min yawa. Na ce to, Allah ya kai mu.

Ta rasu ana cikin girbin masara. Ɗanta ya aiko min da takardar a cikin leda, ya ce ita ta ce a ba ni. Tana jikin allon ajina yanzu, kuma ina gwada yarana ɗaya bayan ɗaya, ƙofa a rufe, don kada su haddace. Ina kewarta ƙwarai. Abin da ke ci na shi ne, a gaban dattawan gari duka aka ce mata a bari sai baɗi ta ƙi, ni kuwa sau ɗaya ta ce min a bari na ce to.