Ranar da Yaya Bala ya kai Baba ganin giwa

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Bala. Direba ne a Samaru, yana tuƙa masu binciken aikin gona, gidansa kuma a Palladan. Ba mai yawan magana ba ne, don haka ba zan cika ku da yabo ba. Tafiya guda kawai zan ba da labarinta.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in, idon mahaifinmu ya fara dushewa. Baba tsohon maharbi ne da ya ajiye kwari da baka ya dawo zama wurinmu. Likitan da ya duba shi a Sabon Gari ya ce ciwon ya riga ya yi nisa, ganin da ya rage ba zai daɗe ba. Mu muka shiga neman magani. Shi kuwa Yaya Bala, da ya taɓa kai baƙi gandun dajin Yankari, sai ya ce can zai kai Baba, domin a duk yawon dajinsa tsohon bai taɓa ganin giwa da rai ba.

Dangi suka ga wauta. Gwaggonmu ta ce, "Bala, mutum na fama da ido, kai kuma ka ɗauke shi kallon namun daji?" Ya aro tsohuwar motar wani abokinsa makanike a Chikaji, muka kama hanyar Jos mu uku.

Da muka isa muka kwana, fitar safe kallon namun daji ba ta yi mana daɗi ba. Motar gandun ta zaga da mu, muka ga gwanki da bauna daga nesa, da burtu yana takawa a cikin ciyawa, da gwaggon biri iyaka ganinka. Baba bai ga ko ɗaya ba, don duk abin da aka nuna masa ya yi masa nisa. Sai da la'asar, a bakin kogi, garken giwaye ya fito daga kurmi. Direban ya kashe mota.

Baba ya ɗaga kai, ya ce, "Ina jin ana karya rassa. Bala, me kake gani?"

"Giwaye ne, Baba. Babbar tana gaba, haurenta ɗaya a karye. Ga ƙarami a ƙarƙashin cikinta, yana ta faɗuwa a taɓo, tana tallabo shi da hanci."

Haka ya yi ta faɗa masa, a hankali, har suka haye ruwa. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Baba dai inuwa kawai yake gani tana motsi. A hanyar dawowa ya ce, "Duk zamana a daji, ban taɓa tsayawa kallon dabba ba sai in ina auna ta." Kafin damina ta zagayo, ganinsa ya tafi gaba ɗaya.

Nakan tambayi kaina me Yaya Bala zai ce da yau. Jikokinsa suna kallon zaki a waya suna kwance a ɗaki. Fadamun bayan Samaru, inda gauraka da zalɓe ke sauka, sun zama gidaje. Wasu dazuzzukan kuma ba namun daji ke hana mutane shigarsu ba. Ba na jin zai yi dogon sharhi. Zai ce Allah ya kyauta, ya duba tayoyin mota, ya tambayi wanda zai bi shi.

Bai bar dukiya ba, bai bar suna a gari ba. Abin da ya bari ƙarami ne, amma ya yi wa mai shi amfani. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A gidanmu ji ne ya tsaya a madadin gani. Baba ya yi sauran shekarunsa a zaure, duk baƙon da ya zo sai ya ba shi labarin giwa mai karyayyen haure da ɗanta a cikin taɓo. Bai taɓa cewa "Bala ya faɗa mini" ba. Kullum cewa yake, "Na gani da idona." Yaya Bala yakan kasance a wurin, kansa a sunkuye, kuma ko sau ɗaya bai gyara masa ba. Allah ya jiƙansu duka.