Ɗurar da Na Yi wa Maigida

Sunan marigayi mijina aka sa wa jikana, don haka ban taɓa kiran sunansa ba. Maigida nake ce masa. Shi kuwa, ɗan shekara biyar, sai ya riƙe ƙugu ya ce, "Tsohuwa, na sake ki, miyarki ba daddawa!" In ce, "Wa za ta zauna da mai majina in ba ni ba?"

Shekarar da mashaƙo ya shigo ƙauyenmu shi ma ya kamu. Wuya ya kumbura, wani farin abu ya rufe masa maƙogwaro. Ni na yi jinyarsa a asibiti a birni, domin uwarsa tana da tsohon ciki, ubansa kuma yana noman rani a Watari. Allah ya tashi kafaɗarsa. Ranar sallama aka miƙo mini takarda, ni da ban san ko baƙi ɗaya na boko ba. Na ninke ta na sa cikin langa. Ba wanda ya buɗe baki ya ce, "Iya, in kin ga kaza, ki dawo da shi." Malama, ke da kike rubuta labarin nan, ki rubuta wannan yadda na faɗa, kada ki sassauta.

Bayan kamar mako uku sai muryarsa ta koma ta hanci. Dariya muka yi. Ni da bakina na ce, "Maigida, aljani ka zama?" Sai koko ya fara dawo masa ta hanci. Ya fara ture kofi, ƙafafunsa suna harɗewa in ya tashi, yana ta ramewa. Matar ƙanin mijina ta leƙo ta ce, "Yaya, shagwaɓa ce, ke kika sangarta shi. Kin manta ɗura ne? Da ita muka raya namu."

Na kwantar da shi a cinyata da hantsi, na tara tafin hannu a bakinsa, na zuba koko, na toshe masa hanci don ya haɗiye dole, kamar yadda uwata ta koya mini. Da na saki ya ce, "Iya, ba ya wucewa." Na ce, "Ka ci gidanku, haɗiye!" Na ƙara masa.

Washegari ƙirjinsa yana kurari, jiki kamar wuta. Muka koma asibiti. Likita ya ce dafin mashaƙo yakan saura bayan an warke, ya kashe jijiyoyin haɗiya, kokon da na ɗura masa kuwa cikin huhu ya tafi. Ya ce, "Da kun kawo shi, da ta bututun roba za mu ciyar da shi har jijiyoyin su farfaɗo. Ai an rubuta muku."

Na ce, "Likita, takarda tana da baki ne?"

Kwana huɗu ya yi ya rasu. Takaba ɗaya na yi a duniya, amma sau biyu aka fitar mini da mai wannan suna.

Masu gaisuwa suka ce kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, ban yi jayayya da Ubangiji ba. Da mutane nake. Da mai takarda, da mai shawara, da wannan hannun nawa da har yau nake kallo in ji kamar in sare shi.

Makon jiya na jiyo kukan yaro daga sashen matar ƙanin mijina. Na dogara sanda na shiga, na tarar da jikarta kwance a cinyarta, ta tara mata hannu a baki, ga kwanon koko a gefe. Ko sallama ban yi ba. Na sa sandar na kifar da kwanon. Ta ce, "Yaya, lafiya?" Na ɗauke yarinyar na fita da ita.