Teburin Kuku Kang a Tsakiyar Teku

Kang Tien-fu bai taɓa sauraron magana har ƙarshenta ba, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Kana tsakiyar bayani zai ɗaga hannu ya ce, "Na ji kan, wutsiyar na san ta." Sau da yawa bai san ta ba. Matarsa Siu-bi ta shekara arba'in da uku tana ƙarasa wa bango zancen da ta faro da shi.

A girki kuwa babu mai ja da shi. Kukun biki ne a garin Neimen, irin waɗanda ake tare musu titi a kafa rumfa, su jera murhu a bakin kwata su ciyar da tebur hamsin ko tamanin. Aure, rasuwa, bikin haikali, duk shi ake kira. A aji biyar ya bar makaranta ya fara da wankin tukwane. Duniyarsa kaf da tebur yake auna ta: kuɗi kaza, mutum goma, girki kala goma sha biyu, kwalabe a tsakiya, kowa yana cika wa na kusa da shi. A wurinsa gara a ce miyarka ta yi tsami da a ce kofin baƙo ya bushe a gabanka. Yana da shekara sittin da takwas ciwon suga da gwiwa suka sauke shi daga aiki.

Shekarar da ta biyo baya surukinsa Hedimasta Yen, uban mijin 'yarsa Pei-shan, ya cika saba'in. Sai ya biya wa mutum shida tafiyar shaƙatawa ta kwana huɗu a jirgin ruwa, daga Kaohsiung zuwa Okinawa: shi da matarsa, ɗansa da Pei-shan, da Kang da Siu-bi. Abin bai yi wa Kang daɗi ba. Mutumin da ya ciyar da rabin gari, a ce ya zauna kwana huɗu yana cin na wani, hannu rabbana?

"Abinci yana cikin kuɗin tikiti, Baba," in ji Pei-shan. "Abin sha ne kawai ake biya daban."

"To abin sha nawa ne. Ki gaya wa Hedimasta kada ya taɓa aljihunsa."

Ta buɗe wayarta ta nuna masa. Tsari uku ne. Na farko ruwan roba da lemo, na biyu an ƙara kofi da ruwan 'ya'yan itace, na uku har da giya, kuma kowanne ka sha iya cikinka. Ta fara cewa, "Amma Baba, kowane kati na mutum..."

"Na ji. Wanne ya fi tsada?"

"Na uku. Sai dai..."

"Shi za ki saya. Ɗaya. Mu shida ne, ko tebur guda ba mu cika ba."

Wayar ta ƙi karɓar ɗaya. Dokar jirgin ita ce manya biyu da ke ɗaki ɗaya, in ɗayansu ya saya, dole ɗayan ma ya saya. Kang ya juya abin a kansa bai gane ba. Tebur ɗaya, kuɗin tebur biyu? Can ya yanke cewa wayon 'yan kasuwa ne, ya ce a biya, gara ya yi yawa da ya kasa. Pei-shan ta dubi uwarta. Siu-bi ta ce, "Ƙyale shi. Teku za ta ƙarasa masa bayanin."

A cin abincin farko cikin jirgi ya sa rigarsa ta zuwa biki. Mai kula da teburinsu wata mata ce 'yar Penang, sunanta Ooi, tana jin yarensu. Kang ya miƙe ya ɗaga katinsa yadda na teburin gefe ma za su gani.

"'Yar'uwa, cika wa kowa. Surukina, kada ka ji nauyi, yau ko tekun nan ka ce a kawo, an biya."

Ooi ta duba katin. "Kawu, kofi biyu zan kawo. Naka da na Inna."

"Mu shida ne."

"Kati biyu ne."

"To ba an ce a sha iya ciki ba?"

"Iya cikinka, Kawu. Ba iya cikin dangi ba."

Kang ya nuna kwalbar da ke hannunta ya ce ta ajiye a tsakiya, su za su zuba da kansu. Ta ce ba a ajiye kwalba, kofi ɗaya ake ba mai kati, in ya shanye ya jira kwatan awa a ƙara masa. Ya ce to ta kawo nasa. Da ta kawo, ya tura wa Hedimasta da hannu biyu. Ooi ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya, ta ce in shugabanta ya gani za a soke katin, kuɗin kuma ba ya dawowa.

"Kofina ne ko ba nawa ba?"

"Naka ne."

"To na bayar."

"Ba a bayarwa."

"To ashe ba nawa ba ne!"

Hedimasta Yen mutum ne mai kawaici. Ya yi murmushi, ya zaro katin ɗakinsa ya miƙa, ya ce a kawo wa sauran huɗun abin da suke so, a rubuta masa. Ba da wata manufa ya yi ba. Amma Kang ya ga katin yana wucewa ta gaban hancinsa, naman da aka kawo kuma ya koma masa kamar auduga a baki.

Washegari jirgin ya tsaya a tashar Naha ta Okinawa, kowa ya sauka yawo, Kang ya ƙi. Ya tafi wurin masu amsa tambaya. Suka ba shi takarda mai ƙananan rubutu, farashin duk da dalar Amurka, da wani kaso na hidima a kai. Ya katse su sau uku, ya fito ya fi shiga ruɗewa. Abu ɗaya ya kama: sai mutum ya sha kofi bakwai a yini kafin a ce bai yi asara ba. Shi likita ya hana shi zaƙi da giya. Siu-bi kuwa tunda aka haife ta ba ta sa ƙanƙara a ciki, ruwan ɗumi take yawo da shi a fulas, wanda ake ɗiba kyauta a kowane bene.

"Tsoho," ta ce da ta dawo, "ka sayi rijiya biyu, kai da ba ka jin ƙishi."

"Tsohuwa, bar ni in yi tunani."

"Yau za ka fara?"

Ta ba shi shawara mai sauƙi. Ya bar zancen kati, duk kofin da surukai suka sha ya biya shi ɗai-ɗai, ba zai kai ko kwatan kuɗin ba. Ya ce shi ba mai kanti ba ne da zai zauna yana ƙirga wa baƙo kurɓi. A rana ta uku da safe ya koma ya saya wa sauran huɗun babban tsarin, na kwanakin da suka rage. Mai sayarwar ta tambaye shi sau biyu ko ya tabbata. Ta fara cewa akwai ƙarami wanda zai fi dacewa da dattawa, ya riga ya sa hannu.

Da rana ya jera katunan a kan tebur kamar mai raba takardun gado. Ya kira Ooi da murya irin ta da, ta zamanin biki a rumfa.

"Yanzu fa? Shida!"

"Shida, Kawu. Me za a kawo?"

Hedimasta ya yi gyaran murya ya ce ciwon yatsan ƙafarsa ya tashi tun jiya, giya kam sai wani jiƙon. Matar Hedimasta ta ce ruwan ɗumi ya ishe ta, sanyi yana tayar mata da tari. Mijin Pei-shan tun fitowarsu teku take juya masa ciki, fuskarsa kamar ganyen kabeji. Pei-shan ta sunkuyar da kai ta ce ita ma ba za ta sha ba, dama sai an koma gida suka so faɗa, juna biyu gare ta, wata uku ke nan.

Teburin ya kaure da murna. Siu-bi ta riƙe hannun 'yarta, Hedimasta yana goge tabarau. Kang ma ya yi murna, jika ba wasa ba ne. Amma idonsa yana kan farin ƙyallen teburin, babu komai a kai sai fulas biyu da kofunan ruwa. An yi albishir irin wannan, kuma ba kofin abin sha da za a ɗaga a taya murna.

Ya dafa kujera ya miƙe, gwiwar tana ƙara.

"Surukina, Uwargida, yara. Ban gane jirgin nan ba, kuma na haƙura da ganewa. Abu ɗaya nake roƙo. Kowa ya faɗi wani abu a kawo masa, mai launi, mai tsada. Ba sai kun sha ba. Ku karɓa kawai ku ajiye a gabanku, in kwata ta cika ku sake kira."