Lokacin da Habboba Ta Daina Zagina

Gidanmu na unguwar Madain Fahd a Jidda ba shi da tsakar gida. Bene ne, muna hawa na uku, kuma abin da ya maye mana gurbin tsakar gida shi ne saman benen, wurin tankunan ruwa da igiyoyin shanya. Can Habboba take hawa da mu da mun idar da Isha'i, idan iskar teku ta ga dama ta leƙo. Habboba kakarmu ce, mahaifiyar Baba. Haka ake kiran kaka a Sudan, inda iyayena suka taso, kuma ita ba ta amsa wani suna. Za ta hura gawayi a ɗan murhunta na ƙarfe, ta soya gahawa, ta daka, ta zuba da citta, ta fasa mana gugguru. Mai gadin benen ya sha hawowa ya yi mata magana a kan wutar. Ta ce masa ta girmi benen, ta girmi wanda ya gina shi.

A lokacin ina aji huɗu, ni ne auta. Yayata Hanan tana gaba da ni, kuma aikinta a duniya shi ne ta ga bayana. Ni kuwa mijin Habboba ne. Kowa ya san wasan kaka da jika, amma Habboba ta kai shi matsayin sana'a. Ina shigowa daga makaranta za ta fara.

"Ga mijin banza ya dawo. Ba cefane, ba sallama, sai ciki. Dubi kunnuwa kamar dishin talabijin."

"Ni ma na gaji da ke," in ce. "Mai haƙora zan auro."

"Je ka auro. Wa za ta yarda da mijin da har yanzu uwarsa ke ɗaure masa takalmi?"

A wurin tatsuniya gefen damanta nawa ne. Ita ke buɗewa da cewa, "Ga ta can tafe, a ba ta hanya," ni ke amsawa, "Yalla, ta shigo." Idan Hanan ta riga ni amsawa, sai an sake daga farko. Haka doka take.

Sai maganar Yasin ta shigo gidanmu. Wata rana muna cin abinci Baba ya ce shi da Umma sun yi niyyar ɗaukar riƙon wani maraya da ke gidan marayu a gabashin Sudan. Ba danginmu ba ne, ba shi da kowa, shekarunsa uku da wani abu. Umma ta nuna mana hotonsa. Hanan ta ce, "Wayyo, dubi idanunsa." Ni ma na duba. Idanu ne guda biyu, irin na kowa.

Na ɗauka jibi zai iso, in ga abokin gabana ido da ido. Ashe ba haka ake ɗauko yaro daga wata ƙasa ba. Sai kotun can ta yarda, sai an yi masa fasfo, sai kafilin Baba, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya sa hannu, sai biza, sai maganar iƙama, takardar izinin zama. Duk ofishin da Baba ya shiga sai a ce masa, "Bukra, in sha Allah." Na ji bukra ɗin nan, wato gobe, a gidanmu har na fara zaton sunan wani babban ma'aikaci ne da ba ya zuwa aiki.

Yaron bai zo ba, amma ya cinye gidan. An kawo ƙaramin gado an tura nawa jikin bango. An raba mini durowa biyu, rabinta ta wanda ba ya nan. Umma ta saya masa kaya, watanni suka wuce, ta ga ya girme su a waya, ta ninke ta bayar, ta sayo wasu. Na taɓa shiga kicin na same ta riƙe da ɗan wando tana share ido. Na tausaya mata ƙwarai. Amma na lura ni ban taɓa ganin an yi wa wandona kuka ba.

Duk wannan da sauƙi. Inda aka taɓa ni shi ne saman bene. Habboba ta ce yaron Larabci kawai yake ji, dole kunnensa ya saba da Hausa kafin ya zo. Sai aka fara kiran matar da ke kula da su a bidiyo lokacin tatsuniya. A jingina wayar da gwangwanin sukari, a kan tabarma, a gefen dama. Gefen dama nawa. Har ɗan faranti na gugguru ake ajiye wa wayar a gabanta, daga baya Hanan ta cinye a madadinsa.

Ga kuma muryar da Habboba take yi masa. Ban taɓa sanin tana da ita ba, ashe a ɓoye take kamar kwanukan baƙi.

"Habibi. Ɗan albarka. Ka ci abinci? Allah ya raya mana kai."

Sannan ta juyo kaina: "Kai kuma matsa, ka tare masa haske da wannan kunnen."

Nakan miƙe in tsaya kusa da tanki in buɗe hannuwa ko Allah zai sa in tare netwok. Bai taɓa aiki ba.

Wani maraice na kasa haƙuri. Ana kashe wayar na ce, "Habboba, wannan zalunci ne. Shi habibi, shi ɗan albarka, ni mijin banza. Ni ma daga yau irin maganarsa nake so a riƙa yi mini."

Ta dube ni ta saman gilashinta. "Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"Halas, shi ke nan," ta ce, ta ci gaba da kwashe toka.

Washegari na dawo daga makaranta, Habboba ta miƙe tsaye, ta gyara mayafi. "Marhaba da Malam Usman. Sannu da zuwa. Ya karatu? Ya mutanen gida?" Ta zuba mini shayi a kofi mai bakin zinare, wanda ko Baba ba ya taɓawa sai ranar salla. Na harɗe ƙafa na sha kamar mai kamfani. Na kalli Hanan na ɗaga mata gira.

Daɗin bai kai ko'ina ba. Kwana kaɗan na fara jin kamar a otal nake. In na shigo ɗaki Habboba tana dariya, sai ta tsaya ta ce, "Bismillah, Malam." A saman bene ta shimfiɗa mini dardumar baƙi can gefe. Hanan kuwa ta samu duniya. "Ke mai ƙafar hankaka, miƙo sukari," in ji Habboba, Hanan ta miƙa tana kallona kamar an ba ta kyauta a taron makaranta.

Na shiga neman zagi ido rufe. Na taka tabarmarta da takalmi. Ta ce, "Ba komai, Malam." Na cinye dabinon da ta ɓoye a ƙarƙashin matashi. Ta ce, "A ƙaro maka?" Na sa mayafinta na kwaikwayi tafiyarta a gabanta. Ta ce, "Ma sha Allah, Malam akwai fasaha." Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ba na gaya wa kowa: kada dai na saki matata da bakina, kuma ba kome.

Ana cikin haka wani maraice aka kira Sudan ba a samu ba, babu wuta a can. Umma ta zauna riƙe da wayar a cinya tana sake gwadawa. Habboba ta juya gawayi ta ce, "Ga ta can tafe, a ba ta hanya." Na yi shiru, don ban san ko baƙo yana da izinin amsawa ba. Hanan ta amsa, kuma ba a sake daga farko ba.

Wai wata tsohuwa ce take da tabarmi biyu. Ɗaya ta yau da kullum, a kanta ake ci, a kanta jikoki suke kokawa, a zubar mata da kunu, da safe a rataye ta a kaɗe ta da sanda. Ɗayar sabuwa ce mai ado, a naɗe take a saman rufi, ba a sauko da ita sai an yi baƙo, kuma da hannu biyu ake ɗaukarta. Tsohuwar tabarma ta cika ta batse. Ta ce wa tsohuwa, "Ni kullum sanda, ita kullum lallaɓa. Ni ma a kai ni sama." Tsohuwa ta naɗe ta a hankali ta ɗora ta kusa da sabuwar.

"Daren farko ta yi barci har da minshari," in ji Habboba. "Daga nan sai ta fara jiyo dariya a ƙasa. Ga ƙamshin tuwo yana hawowa, ba mai ɗiga mata ko miya. Ga sanyi, don ba wanda ya zauna a kanta. Can cikin duhu ta ji kuka a gefenta. Ashe sabuwar ce. Ta ce, ke da kike 'yar gata, me ya same ki? Sabuwa ta ce, tunda aka saƙa ni nake jiran ranar da wani zai zubar mini da kunu bai ba ni haƙuri ba."

Tsohuwar tabarma ba ta tsaya jin ƙari ba. Ta mirgina, ta mirgina, ta faɗo tim a kan tsohuwa. Tsohuwa ta rarumi sanda ta hau jibgarta tana cewa, tsinanniyar tabarma, za ki kashe ni. Tabarma tana shan duka tana cewa, alhamdu lillahi, na dawo gida.

"Ta ƙare," in ji Habboba. "Mai son ƙari ya wanke kofuna."

Na ɗan zauna a dardumata. Sai na tashi na je gabanta, na ɗauki gahawarta na kurɓa, na yamutsa fuska na ce, "Wannan gahawa ce ko ruwan wanki? Duk matan Jidda sun fi ki iyawa."

Hanan ta daina tauna. Habboba ta cire gilashi a hankali.

"Ji mini mijin banza. Sukarin da ke ciki kai ka sayo? Zauna nan kafin in naɗe ka in kai ka saman tanki."

Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Na faɗa gefen damanta har ina ture gwangwanin sukari. Da na natsu na ce, "To ita sabuwar tabarmar fa?"

"Tana jiran biza," in ji Hanan.

Umma ta yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye. Habboba ta rage murya ta ce mini, "Yaron nan bai san yana da wurin kwana a duniya ba tukuna. In na ce masa ɗan banza, zai ɗauka da gaske nake." Na gyaɗa kai kamar na fahimci wani abu mai zurfi. Abin da na fahimta kawai shi ne: shi baƙo ne, ni ne mai gida. Na yi barci da murmushi.

Sai da na shiga aji shida Yasin ya iso. Ɗan siriri, ba ya magana sai an tambaye shi. Yana ninke bargonsa da asuba, yana neman izini kafin ya sha ruwa, yana ɓoye guntun burodi a aljihu. Habboba ta ci gaba da habibi da ɗan albarka. Ni kuwa na zama mutumin kirki, tunda kujerata ba ta motsi. Na koya masa ƙwallo, na raka shi makaranta, na koya masa Hausa, har da wadda Umma ta ce kada in koya masa.

Watanni suka shuɗe. Wani maraice Habboba ta ɗauko wata tatsuniya, ba ta yi nisa ba sai Yasin ya zura hannu cikin farantinta ya damƙi gugguru, ya ce da Hausarsa mai karkata, "Habboba, wannan kin ba mu jiya. Kin tsufa, kin manta."

Umma ta dafe baki. Shi kansa ya firgita da abin da ya fito daga bakinsa, ya ƙame da gugguru a hannu. Habboba ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Kai, ƙaramin miji mai kai kamar kankana, wa ya tambaye ka? Ajiye mini gugguruna, ɓarawo."

Yasin ya kalli fuskarta, ya kalli tawa, sai ya fashe da dariya har ya kwanta a tabarma. Ban taɓa jin dariyarsa da ƙarfi haka ba. Umma ta sauka ƙasa da gudu ta kira Baba. Kowa yana murna. Ni kuwa ƙaramin miji kawai nake ji yana yawo a kunnena. Duk kishin da na yi wa waya a baya ashe gwaji ne. Ranar na gane ainihin abin.

Yanzu ina sakandare, na fi Baba tsawo, kuma na san abin da ya faru a wannan maraicen. Takardu sun kawo Yasin Jidda, amma sai da Habboba ta kira shi ɓarawo ya shigo gidanmu. Daga ranar ya daina ɓoye burodi. Ƙanena ne, wanda ya taɓa shi a makaranta ya taɓa ni. Na kuma gane abin da ya sa ta daɗe tana lallaɓa shi, da irin haƙurin da mace mai bakin Habboba ta yi kafin ta saki harshenta.

Sai dai fahimta daban, adalci daban. Zagin da ake yi masa ya fi nawa inganci. Shi kullum sabo ake ƙirƙiro masa, ni kuwa sai ragowar na bara. Kwanan nan na kai ƙara. Na ce, "Habboba, ni fa ne babban miji, an daina kula da ni." Ba ta ko ɗago daga murhu ba ta ce, "Kai ai ka wuce zagi, addu'a kake buƙata."

Na gaya wa Yasin wannan matsayi ne na manya, sai ya girma zai kai. Bai yarda ba. Ni ma ban gama yarda ba.